Gonar da Hoto Bai Gani Ba

Shalbiyya 'yar gwaggona ce. Ta girme ni da shekara huɗu, kuma tun muna yara ba ta taɓa bari na manta da wannan ba. Bana take cika sittin da tara. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaure igiya ina kwancewa a jirgin fiton da ke zirga-zirga tsakanin Karkana da Safakis. Shi ya sa a wurinta na zama masanin birni, alhali iyakar abin da na sani a birnin shi ne bakin tasha da mai gurasar da ke kusa da ita.

Gonarta a cikin teku take, tafiyar rabin awa a kwalekwale daga ƙauyenmu, Marsa Tawila. Ta gaje ta daga mahaifinta, Rayis Ayyadi, wanda bai bar ɗa namiji ba, shi ma kuma gadonta ya yi. Akwai takarda, da hatimin wani alƙali da ya rasu tun kafin a haifi kakanmu, a naɗe cikin gwangwani a ƙasan akwatin aurenta. Mijinta Lazhar, Allah ya jiƙansa, mutumin tudu ne, ko a jirgin fito amai yake yi. Shi ya riƙe awaki da itatuwan zaitun, ita ta riƙe ruwa, suka zauna lafiya har ya bar duniya.

Duk kaka, da an gama saran dabino, sai ta tara rassa tuli guda, ta yi gayya, a shiga ruwa iya ƙirji a kakkafa su cikin laka ɗaya bayan ɗaya har su zama dogon shinge. Sharfiyya ke nan. In ruwa ya fara janyewa, kifi ya bi jikin shingen yana neman mafita, har ya kai kansa ɗakin da ke can ƙarshe, inda gura, kwandon kamun kifi, ke jiransa da baki a buɗe. Ba ƙugiya, ba kora. Da hantsi ta je ta ɗaga gurar, ta zaɓi manya, ta mayar da ƙanana tana yi musu faɗa, wai su koma su girma, marasa kunya kawai.

In watan Yuni ya kama kuma, sai a tumɓuke komai. Ko reshe ɗaya ba a bari. Wata huɗu teku na hutawa, kifi ya yi ƙwai, ciyawar ƙasa ta miƙe, mutane su koma kan busasshen kifi da abin da tudu ya bayar. Haka muka tarar ana yi. Sai dai a 'yan shekarun nan da yawa sun koma kafa bututun roba da raga, abin da ba ya ruɓewa, suna barinsa a ruwa shekara ta zagayo. Waɗannan su ne abincin bakin Shalbiyya. Kowa a ƙauye Halti yake ce mata, kamar ita ce ƙanwar uwar kowa, kuma da wannan matsayi take wanke mutum tas a bakin tasha, ido na ganin ido. Wanda ya fi shan ta shi ne Jilani, maƙwabcinta a ruwa.

“Jilani, har yau ba ka cire ba?”

“Halti, ai roba ce, ba ta ruɓewa.”

“Na tambaye ka ko tana ruɓewa? Kifi na ƙwai. Kai da matarka ke naƙuda, tsayawa ka yi a kanta da kwando?”

“To ke za ki ciyar min da yara wata huɗu?”

“Ubanka da me ya ciyar da kai? Ga ka nan ƙato kamar randa.”

A kwashe da dariya, Jilani ya sosa ƙeya ya wuce, robarsa kuma tana nan a ruwa ko gezau.

Shekara uku da suka wuce aka zo mana da dokar tsara teku. Ba zan yi ƙarya ba, murna muka yi. Manyan jirage masu jan taru sun addabe mu, su kutso har ruwa mara zurfi su yi kaca-kaca da shingen mutane, ba wanda za ka kai wa ƙara. Aka tara mu a makarantar ƙauye, wani mai farin gilashi ya haska taswira a bango. Ya ce daga yanzu kowane yanki na teku zai sami launinsa. Kore na masu shinge ne, ja hanyar jirage, ruwan ɗorawa inda za a shimfiɗa bututu da waya, fari kuma ruwan da ba kowa, wanda aka ajiye don gaba, ba a yarda a kafa komai a cikinsa ba. Ya ce kowace ƙaramar taswira dole ta yi daidai da babbar taswirar ƙasa, kuma minista da kansa zai duba kafin ya sa hannu, don kada wannan ofishi ya ce dama wancan ya ce hagu.

Shalbiyya ta zungure ni da gwiwar hannu. “Ɗan kawu, me yake cewa a taƙaice?”

Na ce, “Za a rubuta gonarki a littafin gwamnati, ba mai sake taɓa ta.”

Ta rangaɗa guɗa har mai gilashin ya firgita. Ni na faɗa mata haka, da bakina.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ci mini rai. A watan Agusta na wannan shekarar na shiga jirgin fito zan je ganin likitan ido, na ga takarda manne kusa da matakala: duk mai ƙorafi ya je ya duba taswira cikin kwana sittin. Na karanta ta tsaf har ƙasa. Na ce a raina, wannan ta marasa takarda ce. Wa zai biya kuɗin jirgi ya je ya tambayi baƙo ko gonar ubansa har yanzu ta ubansa ce? Ko a hira ban ambata mata ba. A ƙauyen nan kaf ba wanda ya je.

Kakar shekarar ta kafa shingenta lafiya, Yuni ya zo ta cire. A kaka ta gaba ne, muna cikin ruwa mu tara, an kafa kusan rabi, jirgin masu tsaron gaɓa ya matso ya kashe inji. Nizar ne a ciki, ɗan Burniyya ta ƙauyenmu, da kakinsa da hularsa. Ya gaishe ta har sau biyu, ya kasa haɗa ido da ita.

“Halti, ki yi haƙuri. Nan ba a kafa komai.”

“Nan ina?”

“Nan ɗin da kike tsaye. Farin ruwa ne.”

Ta dubi ruwan da ya kai mata ƙirji, ta dube shi. “Nizar, lafiyarka ƙalau? Uwarka ta ci kifin wurin nan tana da cikinka.”

“Na sani, Halti. Wallahi na sani. Amma in ba ku cire ba, mu za a sa mu cire, kuma a rubuta sunanki.”

Ya miƙo na'urarsa ta gani. Ga gonar Jilani koriya shar a dama, ga ta 'ya'yan wani mutumin koriya a hagu, a tsakiya kuma wani farin yanki mai siffar harshen saniya. Muka fito daga ruwa. Kuskus ɗin gayyar da kifinsa haka aka rarraba wa maƙwabta a kwanuka.

Washegari muka je ofishin tsibiri, ita da gwangwaninta a ƙirji. Si Munji, shugaban wurin, mutumin kirki ne, ya sa aka kawo mana shayi, ya warware takardar a hankali kamar mai canza wa jariri riga. Ya karanta, ya gyaɗa kai. Daga nan ya juyo mana da fuskar kwamfuta.

“Hajja, ba a bi gida-gida ba. Jirgin sama aka aiko ya ɗauki hoton teku. Duk inda shinge ya fito a hoto, aka sa kore.”

“Yaushe ya ɗauka?”

Ya duba. “Sha huɗu ga Yuli.”

Ni na fara ganewa. A Yuli ai ba shinge a ruwa sai na wanda ya ƙi cirewa. Duk masu roba sun fito raɗau. Gida huɗu ne suka bi abin da iyaye suka bari a wannan shekarar, kuma gida huɗun nan ne jirgin bai gani ba.

“To ai ka san dalili,” in ji ta. “Kai ɗan tsibirin nan ne. Ɗauki alƙalami ka gyara.”

“Da da hali, yanzu-yanzu. Amma taswirata dole ta bi ta yanki. In na taɓa ta, ta saɓa.”

“Takardar fa?”

“Takarda ce mai daraja. Sai dai ta ce daga inda ƙubbar waliyyi ta daidaita da dabinai uku. Masu taswira kuwa lamba suke so, Hajja. Kuma biyu daga dabinan nan gishiri ya kashe su.”

“Kututturensu na nan. Zo in nuna maka.”

Bai zo ba. Ya rubuta mana wasiƙa mai kyau zuwa Safakis.

A Safakis sau biyar muka je kafin mu ga mai magana. Shi ma bai musa ba, ya ce tabbas an yi kuskure, har ya ce abin kunya ne. Amma taswirar yanki an riga an haɗa ta da ta ƙasa, minista ya sa hannu, duk gyaran da ya aika wanda bai dace da babbar ba za a dawo masa da shi a rufe. Mu je babban birni. Na lura da wani abu a tafiye-tafiyen nan: ba wanda ya taɓa ce mana ƙarya muke yi. Da ma wani ya zage mu, ko ya nemi cin hanci, da na san wanda zan kama wa wuya. Kowa sai ya ba mu kujera, ya ba mu gaskiya, ya nuna mana ƙofa ta gaba.

Shalbiyya ba ta taɓa zuwa babban birni ba. Ta ɗaure busasshen kifi a ƙyalle, wai ba a zuwa wurin minista hannu rabbana. Na ce mata ba fa ministan za mu gani ba. Ta ce, “Kai dai bakinka ya riga ya yi mini aiki sau ɗaya, rufe shi.” Na rufe.

A hawa na shida wata mata ta karɓe mu, ba za ta wuce sa'ar 'yar autata ba. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ba.

“Hajja, babbar taswira daga ƙananan aka haɗa ta. Ba ma canza ta sai yankinku ya aiko da gyara.”

“Yankin sun ce ba sa aikowa sai kun canza.”

“Haka ne. In suka aiko da abin da ya saɓa wa tamu, doka ta ce minista ya mayar musu.”

“To 'yata, ke da su, wa ke jiran wa?”

Matar ta sunkuyar da kai tana juya alƙalami. Can ta ce an yi haka ne don kada kowane mai ofishi ya riƙa yanka teku yana ba abokansa, kuma wallahi na yarda da ita, na san irin waɗanda ake gudu. Ta ce ana sake duba tsarin gaba ɗaya bayan shekara goma da sa hannu. Kafin nan, abin da ya rage shi ne a rubuta wa minista ƙorafi, don shi doka ta ɗora wa sa ido.

“Shekara goma,” in ji Shalbiyya. “In kai saba'in da bakwai ke nan. A ruwa iya ƙirji.”

Ta ajiye wa matar kifin a kan tebur. Matar ta ce ba a karɓa. Ta ce, “Ba na ministan ba ne kuma, naki ne, kin rame.” Muka fito.

Ni na rubuta ƙorafin, shafi uku, na sa duk abin da na sani har da wanda ban sani ba. Wata biyar amsa ta zo, layi huɗu. An duba ƙorafinki da kulawa. An tabbatar cewa taswirar yankinku ta yi daidai da taswirar ƙasa ta kowace fuska. Saboda haka babu saɓani, babu abin gyara. Na karanta mata sau ɗaya, na karanta wa kaina sau uku, raina ya yi baƙi ƙirin. Ai dole su yi daidai! Kuskure ɗaya ne aka kwafa sau biyu. An tambayi takarda ko ta yarda da takarda, ta ce ta yarda. Ba wanda aikinsa ne ya tambayi ruwa, ko ya tambayi matar da ta shekara hamsin a cikinsa.

Ana cikin haka sai ga wasu baƙi da kyamara, daga wata ma'aikatar dabam, masu kula da abubuwan gargajiya. An ce musu in suna neman wadda ta san sharfiyya ta asali, su nemi Halti. Suna so su ɗauke ta a gaban shingenta. Da aka ce babu, suka yi shawara, suka kai ta gonar Jilani, aka soka rassan dabino goma sha biyu a gaban robar don kada ta fito. Na zaci za ta yi musu wankin babban bargo. Ba ta yi ba. Ta tsaya inda suka ce, ta ɗaga gurar Jilani, ta yi murmushi da aka ce ta yi, don ta ji za su ba ta takarda mai hatimin gwamnati. Suka kuwa ba ta, cikin gilashi, da sa hannun nasu ministan, ana yaba mata saboda hutar da teku da take yi kowace shekara. Ko gida ba ta biya ba, ta wuce da ita wurin Si Munji.

“Ga shi, gwamnati da kanta ta ce ina da shinge, kuma cirewar da nake yi daidai ce.”

Ya riƙe gilashin ya daɗe yana kallo. “Hajja, wannan wata ma'aikata ce. Ministansu daban.”

“Gwamnatin nawa ce?”

Ya miƙo mata gilashinta, muka fito.

Sauran gidaje ukun, tsoho ɗaya ya rasu, biyu sun sayar da kwalekwalensu. Farin ruwan yana nan, ba a shimfiɗa komai ba, ba a ba kowa ba, ba wanda ya ci riba da shi ko da zan ce ga azzalumi. Shalbiyya ta daina zuwa bakin tasha. Tana zaune a ƙofar gida tana saƙa wa mutane gura, hannunta bai manta ba, amma bakin nan ya mutu. In na tsokane ta, sai ta ce, “Uhm.” Na fi son zagin, Allah ya sani.

Abin da ya biyo baya kuwa ba doka ce ta ce a yi ba. Yunin bara, waɗanda ke cirewa wata shekara su bari wata shekara duk suka bari. In ka tambaya, amsa ɗaya ce: kada a yi mana irin ta Halti. Wa ya san ranar da jirgin zai sake wucewa? Na je na tambayi Si Munji ko wanda ya cire zai rasa korensa. Ya ce doka ba ta hana cirewa ba. Na ce ta yi alkawarin ba za a mayar da shi fari ba? Ya ce wannan ba ta ambata ba. Shinge kuma in yana tsaye, ba mai iya hana hannunsa sa gura. Kifin da ake kawowa tasha a watannin zafi yanzu, ciki cike da ƙwai, wasu ba su kai tsawon yatsa ba.

Mutum ɗaya ta rage mai kafa dabino zalla, Dalanda, 'yar ƙanwar Shalbiyya. Ita abin da ya cece ta, a shekarar hoton mijinta ya karye a ƙugu, tana jinya a asibiti ba ta sami cirewa ba sai Agusta. Shalbiyya ta yi mata tatas a kan haka a lokacin, har ta yi kuka. Bara ta cire don kunyar Halti, ta yi wata huɗu duk ƙarar da ta ji a sama sai gabanta ya faɗi. Bana kuma raɗe-raɗi ya cika gari cewa za a sake ɗaukar hoto.

Ranar uku ga Yuni ina zaune wurin Shalbiyya bayan la'asar, Dalanda ta zo. Ta gaishe mu, ta tsuguna, ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa.

“Halti, Yuni ya kama.”

“Na gani.”

“Na yi wa mutane magana, jibi za a shiga ruwa. Amma na ce sai na ji daga bakinki. In cire?”

Shalbiyya ta ci gaba da saƙa. Ta kai ƙarshen layi, ta ja, ta gyara bakin gurar. Na buɗe baki zan sa nawa, na tuna abin da bakina ya taɓa jawowa, na rufe shi.

“Bar shi,” ta ce.

“Halti, kifi na ƙwai.”

“Na riga ki sani. Bar shi a tsaye. Yara huɗu gare ki.” Ta ajiye gurar a gefe. “Kuma naki ya tsufa, ya kwanta ta gefen gabas, daga sama ba zai fito sosai ba. Ki ƙara masa rassa.”

“A Yuni ina zan sami rassa?”

“Akwai a bayan gida.”

Na tashi na leƙa. Tuli ne guda har ya fi ni tsawo, an ɗaure dami-dami, an fiƙe gindin kowane reshe, an lulluɓe da tsohon buhu. Sai ranar na san cewa a kakar da ta wuce ma ta sare, ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba.

“Ki aiko a kwashe duka,” in ji ta. “Kada a rage ko ɗaya.”